Ɗakunan Muhyiddeen Bakwai, Sunansu Ɗaya

Zuwaira maƙwabciyata ce ta fara kawo min labarin nan. Ta dawo daga Kibiya inda take kai zoɓo, ta faɗo min gida ran Lahadi da la'asar sakaliya tana riƙe da ciki, dariya ta hana ta sallama. Sauran na tsinta a bakin jikata Firdausi, da bakin shi mai abin, da abin da idona ya gani a tsakar gidana. In kun ji inda na ƙara gishiri ku bar ni, jikana ne.

Muhyiddeen sunansa. Wata shida ya yi a Kano yana koyon kwamfuta, ya dawo mana Madachi da tabarau marar magani da sunan Injiniya, wanda har yau ba mu san wanda ya raɗa masa ba, don ba a kawo mana goron sunan ba. Yaron kirki ne, wannan ban hana masa ba. Ba ya wuce babba bai gaishe shi ba. Sai dai in ya gaishe ka, to za ka sha labarin abin da ya iya tun daga nan har inda za ka, ya kuma rako ka ka dawo.

Manoman Madachi da Nariya da Fammar suna da ƙungiya, Malam Ishiyaku na Kibiya ne shugaba. Duk shekara in ruwa ya sauka sukan ɗauko taraktar Alhaji Manu ta yi musu huɗa kwana tara, sannan ta wuce gaba inda wasu ke jira. Gona sittin da huɗu ce, har da tawa da marigayi ya bar min. Duk shekara kuma sai an yi rigima a kan wa za a fara yi wa. Bara har riga aka yaga wa Mato na Fammar, ya koma gida da hannu ɗaya.

To bana ana cikin taro sai Muhyiddeen ya miƙe ya gyara tabarau, ya ce zamanin yaga riga ya wuce. Kwamfuta za ta jera gonakin bisa kusancinsu, tarakta ba ta komawa baya, ita kuma kwamfuta ba ta da suruki balle ta yi son kai. Maganar ta shiga kunnen dattawa. Aka ɗauko laftof ɗin ƙungiya, sabuwa dal, aka damƙa masa. Malam Ishiyaku ya ce, "Ran Lahadi muke son jerin. In ya fito, na'ura ta zauna a wurinka, kai ne sakatarenta. In bai fito ba, ka dawo mana da kayanmu." Alhaji Manu ya ƙara da nasa, ya ce shi Litinin da sassafe zai tayar da mota, in babu jeri ran Lahadi gaba zai yi.

Tun daga ranar Muhyiddeen bai sake fita ba laftof a hammata ba. Ko cefane na aike shi, da ita yake zuwa.

Kuma in faɗi gaskiya, ya yi aikin. Ran Laraba a tsakar gidana ya danna, jeri ya fito tsaf, gona bayan gona. Da ya kai an buga a takarda a ranar, da yanzu ba ni da labarin ba ku.

Bari in fahimtar da ku wani abu yadda aka fahimtar da ni. Firdausi 'yar 'yata ce, tana aure a cikin garin Rano, daga ɗakinta take yi wa wani kamfani na Kano irin wannan aikin. Taubashiyar Muhyiddeen ce, ba sa haɗuwa a rabu ƙalau. Ta ce kowane aiki a kwamfuta akan gina masa ɗan ɗaki nasa, a zuba masa kayan aikin da yake bukata, don kada kayan wannan su cakuɗe da na wancan. Da bakinsu venv suke ce masa, ni ɗaki zan ce, haƙorana ba su kai ba. Ta ce shi wannan ɗaki, a jikinsa lungu-lungu an rubuta adireshin gidan da aka gina shi. Ba a tumɓuke shi a kai wata kwamfutar. Abin da ake ɗauka shi ne takardar da aka lissafa kayan cikinsa, in ka je can ka gina sabo, aikin minti goma. Sannan kowane ɗaki ka sa masa sunan aikinsa.

Shi kuwa Muhyiddeen duk abin da ya taɓa ginawa Gagara yake sa masa. Aikin Gagara, ɗakin ma Gagara. Na lissafin ɗaliban Islamiyya, Gagara. Na katin bikin abokinsa, Gagara. Wanda ya yi bara a kwamfutar Saminu mai gidan kallon ƙwallo a Kibiya, don tsara gasar unguwanni, Gagara. Na tarakta, Gagara. Guda bakwai cif, ya kwashe su a filashi ɗaya ya rataya a wuya kamar laya, kowanne a cikin jakarsa ta cikin filashin. Jakunkunan kuma ya bambanta su yadda mai ilimi zai yi: Sabo, Sabo Biyu, Sabo Na Gaske, Wannan Ne, da sauransu.

Firdausi tana nan ran Larabar, ta zo gaishe ni. Ta leƙa ta ga jerin, ta ce, "Injiniya, yau dai ka yi abin kai. Je ka buga a takarda ka kai wa Baba Ishiyaku ka huta."

"Takarda?" Ya dube ta ta saman tabarau. "Ke shi ya sa har yanzu a ɗaki kike aiki. Ni Gagara zan dasa a gari uku. Ɗaya a Rano, ɗaya a Nariya, ɗaya a Kibiya. Kowane manomi ya je kusa da shi a danna masa, ya ga ranarsa, ya ga sunana a ƙasa."

"To ina takardar kayan ɗakin?"

Ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Tana nan."

"Wurin da babu kowa ka ajiye ta kenan, ba mai ɗauka. Ta yaya za ka gina ɗakin a can?"

"Wa ya ce gini zan yi? Ɗauka zan yi ɗungurungum in dire. Wanda bai iya ba shi ke gini sau uku."

"Ba ya ɗaukuwa, Muhyiddeen."

"Naki ne ba ya ɗaukuwa. Ke 'yar mace, in ana maganar manya ki riƙa kawo ruwa."

Ta ce, "Ko jerin da ya fito ka ajiye shi a wani wuri."

"In ajiye me? Danna ɗaya ne fa." Sai ya juyo gare ni. "Uwargida, ke shaida ce. Ran Lahadi za ki ji sunan mijinki a rediyo."

Na ce masa ni dai a yi min huɗa da wuri, rediyon batirinsa ya mutu.

Ran Alhamis ya hau babur ya nufi Rano, shagon Nasir mai buga takardu. Nasir mutum ne mai haƙuri, ga mutane a benci suna jira, amma ya tashi ya ba shi kujera don an ce aikin manoma ne. Muhyiddeen ya cire filashi daga wuya, ya zura, ya juye Gagara, ya buɗe baƙin allon nan da suke rubutu a ciki. Kafin ya danna sai da ya juyo ya ce wa mutanen benci su matso, ba kullum ake ganin irin wannan kyauta ba.

Ya danna. Kwamfuta ta ce ta je adireshin da aka rubuta, gidan wani Muhyiddeen, ba ta tarar da kowa ba.

Ya sake dannawa da ƙarfi, ko ba ta ji ba. Ta maimaita.

Wata mata mai goyo ta ce, "Shi kenan abin, ko da saura?"

"Hajiya, gaisawa suke yi tukuna."

Ya ɗan yi nazari, sai dabara ta faɗo masa, irin wadda in ta faɗo masa nakan fara salati. Tunda Gagara gidan Muhyiddeen yake nema, ai sai a mayar da nan gidan Muhyiddeen. Ya kutsa cikin kwamfutar, duk inda ya ga an rubuta Nasir ya goge ya sa sunansa. Ya kashe ta ya kunna.

Ta tashi fes kamar yau aka haife ta. Babu takardun mutane, babu hotunan fasfo, injin bugawa ma ya ce bai san ta ba.

Nasir ya leƙo ta kafaɗarsa. "Injiniya, ina wasiƙar Hajiya da na gama yanzu?"

"Tana ciki. Ta canza unguwa ne."

"Wace unguwa?"

"Malam Nasir, gaskiya kwamfutarka ba ta da tarbiyya. Baƙo ya zo, ta tsaya tambayar adireshi."

Nasir ya zare filashin da yatsa biyu kamar ya kamo kunama, ya sa masa a aljihu, ya riƙe masa ƙofa. "Ka gaida kakarka Hajiya Jumai. Ka ce mata darajarta ka ci." Sai bayan la'asar Firdausi ta je ta dawo wa Nasir da sunansa.

Da ya dawo na tambaye shi yaya Rano, ya ce Rano ba ta shirya ba tukuna.

Ran Juma'a bayan an sauko ya wuce Nariya, gidan Malam Bello, tsohon malamin makaranta. Ɗansa ya bar masa wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton kai, a cikinta yake rubuta tarihin zuri'arsu, shekara goma sha ɗaya kenan, ya kai kan kakansa na uku. A hanya Muhyiddeen ya gama gano matsalar jiya: ba Gagaran da ya dace ya juye ba. Wanne ne na taraktar, Sabo Na Gaske ko Wannan Ne? Ya kasa tunawa. Amma mai basira ba ya tsayawa zaɓe. Ya juye duka bakwai ɗin.

Tsohuwa ta haɗiye huɗu, ta fara nishi a na biyar, a na shida ta ƙame. Linzamin kwamfutar ba ya motsi, fankarta na kuka.

Malam Bello yana zaune a kujerarsa da carbi, ya ce, "Ɗana, lafiya take?"

"Tunani take yi, Malam. Ba ta saba da manyan baƙi ba."

Suka zauna suna kallonta tana tunani. Aka kawo fura, suka sha, tana tunani. Aka kira la'asar, suka je suka dawo, tana nan inda suka bar ta.

"Na koyar shekara talatin da biyar," in ji Malam Bello, "na ga masu jinkirin fahimta, amma duk da an kaɗa ƙararrawa sukan tashi. Kakannina suna ciki fa."

"Ba abin da zai same su, Malam."

"Ai na sani, sun riga sun rasu. Sau biyu ne ba na so."

Muhyiddeen ya ce maganin irin wannan a zare wuta. Malam Bello ya miƙa sandarsa ya tare tsakaninsa da soket, ya ce ya gode, Allah ya yi albarka, ya kama hanya tun da sauran rana. Wannan ma Firdausi ce ta je washegari ta fito da kakannin.

Ran Asabar da hantsi ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyata, ya buɗe laftof. Abin ya fara damunsa, na gani a yadda yake cin tuwo ba surutu. Ya yanke shawara zai tantance Gagaran tarakta a cikin bakwai ɗin, ya kuma ga hanya mafi sauƙi ita ce ya riƙa ɗauko su daga filashi ɗaya-ɗaya yana direwa kusa da na laftof, wanda yake aiki, ya gwada. Ya jawo na farko ya saki.

Kwamfuta, baiwar Allah, ta yi masa gargaɗi. Ta ce akwai mai wannan sunan a nan, a danne shi?

Ya ce, "Ji wata tambaya. Gagara ai Gagara ne." Ya danna e.

Ɗaki ɗaya tak da yake aiki a duk faɗin ƙasar Rano da Kibiya, shi ya danne da hannunsa. Ya kira jerin tarakta, laftof ta ce ba ta san zancen ba. Ya ɗauko na biyu ya danne na farkon. Ya ɗauko na uku. Kafin azahar ya zuba bakwai ɗin a kan juna, ya zauna yana kallon jan rubutu, gumi na ɗiga daga tabarau.

Daidai nan Firdausi ta yi sallama, daga Nariya take, ƙafarta duk taɓo.

"Sannu da hutawa, Injiniya. Malam Bello na gaisuwa, ya ce in ka sake bi ta layinsu ka bi ta ɗaya gefen." Ta leƙa allon. "Au. Har gida abin ya iso?"

"Gyara nake."

"Na gani. Jerin Laraba fa, ka ajiye?"

Ya hau goge tabarau.

"Danna ɗaya ne fa," in ji ta, da muryarsa. Sannan ta zauna a bakin tabarma, don duk tsiyarta tana son ɗan'uwanta. "Kawo. Aikinka yana nan lafiya, ɗakin ka rusa. Rabin awa na gina maka sabo. Abu ɗaya nake so, ka dubi Iya ka ce Firdausi ta fi ni."

Na gyara zama, na ce kunnena a buɗe yake.

Ya dube ni, ya dubi laftof, har leɓensa ya motsa. Sai ya rufe ta ya rungume. "In faɗi ƙarya a gaban tsohuwa? Laftof ɗin ce ta yi zafi. Gobe a Kibiya za ki gani, a babban allo."

"Zan zo kuwa," in ji Firdausi. "Na daɗe ban je kallo ba."

A gidan kallon Saminu aka yi taron, don nan ne ake da ƙatuwar talabijin da janareta. Ƙarfe goma na safe benci ya cika, mutanen Madachi a dama, na Nariya a hagu, na Fammar a baya kusa da ƙofa, Mato a cikinsu da sabuwar riga. Alhaji Manu ya ajiye tarakta a ƙofar gidan ya shigo yana kaɗa makulli. Zuwaira na bakin taga da kular zoɓo, Firdausi a gefenta da kofi a hannu.

Muhyiddeen ya iso da babbar riga. A hanya ya lallashi kansa: na'ura uku sun ƙi, ai ta huɗu ba za ta ƙi ba, ko don kunya. Ya ce wa Saminu laftof ta yi wa taro irin wannan ƙanƙanta, a ba shi kwamfutar gidan da ke haɗe da talabijin. Ya zura filashi. Ya rufe ido ya zaɓi jaka ɗaya, Sabo Biyu. Ya juye, ya nuna mata sunayen manoma sittin da huɗu, ya yi bismilla a zuci, ya danna.

Babu jan rubutu. Babu tambayar adireshi. Gagara ya tashi sumul, sunaye suka fara gangarowa.

Wani sanyin daɗi ya ratsa shi tun daga ƙeya har dunduniya. Bai tsaya karantawa ba. Ya juya wa talabijin baya, ya fuskanci jama'a, ya buɗe hannayen riga.

"Iyayena, ga shi nan. An ce ba ya ɗaukuwa." Ya harari taga. "An ce sai an yi gini. To ga Gagara, daga Madachi har Kibiya a wuyana ya zo. Abin da kuke gani a bayana, ko a Kano sai an tona. Na roƙe ku abu ɗaya, duk abin da na'ura ta yanke, a karɓa. Ba ta son kai, ba ta kuskure. Kowa ya yarda?"

Duk sun miƙa wuya suna kallon bayansa.

Malam Ishiyaku ya sa tabaransa, nasa mai magani ne, ya karanta a hankali yadda yake karanta sanarwa. "Zagaye na farko. Malam Ishiyaku Kibiya da Mato Fammar. Ƙarfe huɗu na yamma, filin bayan kasuwa." Ya ɗan tsaya. "Wanda aka ci ya fita."

Muhyiddeen ya waiwaya.

Ga su nan reras, biyu-biyu, har layi talatin da biyu. Liman na Nariya da Sarkin Noma. Wa da ƙani 'yan gida ɗaya, an ce su kara ran Talata. Layi na tara, Hajiya Jumai Madachi da Alhaji Alu Nariya, ni kenan, da mutumin da ya yi biyuna a faɗi. A can ƙasa an rubuta duk wanda ya makara da minti goma sha biyar an ci shi uku. Sunan Alhaji Manu kuwa, da yake shi ne na ƙarshe a takardar kuma ba shi da gona, sai aka ba shi alƙalin wasa.

Mato ya miƙe. "Injiniya, tambaya gare ni. Ni da Malam, da takalmi za mu buga ko haka nan?"

"Baba Mato, ba ku gane ba ne. Sabon tsari ne. Gonaki ake haɗawa biyu-biyu don sauƙin..."

"To wanda aka ci fa?"

"Wato... zai ɗan jira."

"Har yaushe?"

Wani daga Nariya ya ce, "Har baɗi mana, ba ka ga an ce ya fita ba?"

"Ni gwiwata ba ta lanƙwasuwa," in ji Malam Ishiyaku. "A rubuta Mato ya ci."

"Wallahi ban karɓa ba, Malam. Bara riga na rasa, bana ba zan ci shugaba a bayan kasuwa ba."

Alhaji Alu ya ɗaga hannu daga inda yake cike da rabin benci. "Ni a canza min. Hajiya Jumai na san ta tun muna yara, ba a cin ta ko a musu."

Alhaji Manu ya ce shi dai ba shi da usur, amma akwai hon.

Saminu ya matso yana ƙanƙance ido. "Kai, wannan ai gasarmu ce ta bara. Ga filin, ga dokar makara da muka sa saboda 'yan Unguwar Gabas. Injiniya, kofin ma yana nan a ɗaki, in fito da shi?"

Gidan ya ɗauka. Zuwaira ta ce har liman sai da ya cire rawani yana share hawaye. Muhyiddeen ya faɗa kan kwamfuta yana danne-danne, sai ga zagaye na biyu ya fito, da na kusa da ƙarshe, da ranar ba da kofi, wadda ta faɗo bayan an gama girbi.

Abin da ya faru, in ji Firdausi, ɗakin da ya zaɓa na ƙwallo ne, kuma a wannan kwamfutar aka gina shi bara. Shi kaɗai a cikin bakwai ɗin ya dawo gidan ubansa. Ya duba adireshin jikinsa ya ga komai na nan, ya je ya kira Gagaran da ya sani, ya ba shi manoma, shi kuma ya yi musu abin da ya iya.

Alhaji Manu ya dubi agogo ya miƙe. "Malam, ni ba wasa ya kawo ni ba. Akwai jeri ko in wuce?" Ya fita, sai ga ƙarar tarakta. Nan dariya ta ɗauke. Ruwa ya riga ya sauka, ƙasa ta jiƙu, kowa ya san abin da rasa motar nan yake nufi.

Malam Ishiyaku ya leƙa taga. "Wace ce jikar Hajiya Jumai a nan, wadda ta fito wa Malam Bello da kakanninsa?"

Firdausi ta ajiye kofi ta shigo, ta durƙusa ta gaida dattawa. Malam Ishiyaku ya miƙa hannu wajen Muhyiddeen. Yaron nan ya ƙanƙame laftof a ƙirji kamar za a raba shi da ɗa, sai da Malam ya ce, "Ɗana," sannan ya saki. Aka roƙi Alhaji Manu rabin awa. Ta zauna a bakin benci, ta share tarkacen, ta karanta aikin ta ga kayan da yake nema, ta gina sabon ɗaki, ta sa masa suna layin tarakta, ta rubuta takardar kayan ta ajiye a gefensa. Jeri ya fito, gona bayan gona, kwana tara.

Ta ce, "Baba, aikin nasa ne, kuma mai kyau ne. Ɗakin kawai na gina."

Muhyiddeen ya ɗago, kafaɗa ta fara dawowa. "Kun ji ko? Dama abin da nake ƙoƙarin nuna muku kenan, a aikace, illar..."

"Mun gani," in ji Malam Ishiyaku. Ya rufe laftof ya miƙa wa Firdausi da jakarta da wayar cajinta. "Riƙe mana, 'yata."

Mato ya ce saura hukunci, tunda an tara dattawa an haɗa su wasan ƙwallo. A mayar da gonar gidan su Injiniya ta ƙarshe. Aka ce an yarda, baki ɗaya, karo na farko a tarihin ƙungiyar. Gonar gidan su Injiniya kuwa tawa ce. Daga rana ta biyu aka cillo ni ta tara, bayan la'asar.

Ya dawo gida hammata ba komai, ya shige ɗaki, ko tuwo bai taɓa ba.

Washegari da na idar da sallar asuba na dama kunu, na ɗauko garmar marigayi daga bayan rumbu na kakkaɓe ta, na je na buga masa ƙofa.

"Maigida, fito. Ni ba zan jira kwana tara ƙasa ta bushe ba."

Ya fito ido a kumbure. "Iya, kin san fa laifin kwamfutar Saminu ne. Riƙo gare ta."

"Na sani. Riƙe nan."

Muka tafi gona, shi a gaba da garma, ni a baya da kwanon kunu da tabarma. Na zauna a gindin ɗorawa ina kallo. Kunya ta farko ta fito kamar maciji ya bi ta kan garwashi, ta biyu ta ɗan fi. Can muna jiyo taraktar Alhaji Manu tana aiki a gonar wasu. Wajen hantsi ya zo ya zube kusa da ni, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Na ba shi kunu, na kamo hannun ina shafa masa man kaɗanya, yana cije baki.

Da kunu ya sauka sai ya gyara tabarau. "Iya, kin san garmar nan, in aka sa mata wata 'yar na'ura a ƙota, ni kaɗai zan iya huɗe Madachi da..."

Na saki hannun, na nuna masa inda ya tsaya. Saura kunya arba'in da ɗaya.